Gidan Kakanmu a Tsakiyar Jos: A Sayar a Rushe, ko Akwai Wata Hanya?

Tambaya: Malam, kakanmu ya gina gida a tsakiyar Jos, bayan Masallacin Juma'a, tun zamanin kuza. Ginin ƙasa ne mai zaure biyu da ɗan bene na katako a gaba. Ya rasu, mahaifinmu ma ya rasu, magada yanzu mun kai 23. Wani ɗan kasuwa ya taya, yana so ya rushe ya yi filaza. Yawancin 'yan uwa sun yarda, ni zuciyata ta ƙi. Me ya sa tsofaffin gine-ginen garin nan ke ƙarewa haka? Akwai dokar da ta hana? Ko ni ne na ɗora wa kaina abin da bai kai ya kawo ba?

Amsa: Ɗana, Allah ya jiƙan magabata, ya sa abin da suka bari ya zama sanadin haɗa kanku. Abin da ke damunka ya kai ya kawo. A Gangare aka haife ni, na fi shekara 25 ina zanen gini da duba lafiyar tsofaffin gidaje a garin nan, kuma gidajen da na shiga na auna waɗanda yau babu su sun fi waɗanda ke tsaye yawa.

Mutane da yawa suna ganin Jos ba ta da tsohon gini, tunda ba ta da badala irin ta Kano ko hasumiya irin Gobarau ta Katsina. Gaskiya ne birnin yaro ne a cikin birane. Ƙasar tana da mutanenta tun asali, Birom da Anaguta da Afizere, da ƙauyukansu da gonakinsu, amma garin mai tituna da kantuna kuza ce ta haife shi a farkon ƙarni na 20. Ƙaramin jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya ya iso nan a 1914, babban layin da ya biyo ta Kafanchan ya iso a 1927, aka rufe ƙaramin a 1957. A tsakanin waɗannan shekaru aka gina mafi yawan abin da muke kira tsohon gari. Turawa sun raba shi gida biyu, ɓangarensu da na kamfanoni daban, garin 'yan ƙasa daban, inda lebura da fatake da mahauta da maɗinka da malamai suka sauke kayansu.

Kowane ɓangare da irin gininsa. Gidajen Turawan kuza a Rayfield da Anglo-Jos da Bukuru gindinsu dutse ne da aka fasa a nan, rufin kwano mai tsayi da gangara, baranda ta zagaye, a falo kuma murhu da bututun hayaƙi saboda sanyin Disamba da Janairu. Otal ɗin Hill Station na 1938 daga wannan zuriya ya fito. A titin da yanzu ake kira Ahmadu Bello an jera kantunan kamfanoni da na Kwarori, kanti a ƙasa, iyali a sama, da rumfa a gaba wadda mai wucewa zai fake in ruwa ya kece. Amma ginin da ya fi kama zuciyata shi ne irin naku. Bahaushe ya zo daga Kano ko Zariya ko Bauchi da tubalinsa da zaurensa da shigifarsa, sai ya tarar da daminar da ta fi ƙarfin soro. Jos na samun ruwa kusan milimita 1,400 a shekara, daga Afrilu har Oktoba, wani lokaci har da ƙanƙara. Rufin ƙasa ba ya jure wannan sai da ɗawainiya mai yawa. Sai magina suka ɗora kwano a kan katangar ƙasa, suka jera dutse a harsashi, suka ari taga mai marfin katako da matakalar katako daga benayen Yarabawa maƙwabtansu, kafintan da ya yi aikin ma ba lalle Bahaushe ba ne. Gida ɗaya, hannun ƙabila uku ko huɗu a jikinsa. Wannan haɗin na Jos ne, zaman garin ne ya haifar da shi.

Shi ya sa rushe irin wannan gida ke yi mini ciwo fiye da yadda zan iya bayyanawa a ofis. Tun rikicin Satumbar 2001, da na Nuwambar 2008, da na Janairun 2010, unguwanni sun rabu. Akwai saurayi yau a Unguwar Rogo da bai taɓa yin maƙwabci Kirista ba, akwai takwaransa a wata unguwar da bai taɓa shiga zauren Musulmi ba. In ka gaya musu kakanninsu sun yi katanga ɗaya, za su ji kamar tatsuniya. In ka kai su gaban gidan, ka nuna musu zaure a ƙasa da tagar Bayarabe a sama, gani ya kori ji. Duk gidan da ya faɗi, shaida ɗaya ta ragu.

To me ke cinye su? Kowa katafila yake gani, amma katafila a ƙarshe take zuwa. Kafin ta iso, abubuwa da dama sun riga sun yi aikinsu.

Da farko masu gidajen ne suka watse. Ibo da yawa sun bar garin a 1966. Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta sauya masu kantuna, farashin kuza ya karye a kasuwar duniya a 1985, kamfanonin haƙa suka durƙushe, gidajensu suka koma hannun waɗanda ba su da kuɗin kula da su. Da aka fara sayar da gidajen gwamnati a zamanin mulkin Obasanjo na farar hula, wanda ya sayi gida mai faffaɗan fili lissafin filin ya yi, aka yanka shi gida-gida, tsohon ginin ya zama abin da ya tare wuri.

Sai gobarar babbar kasuwar Taminus a Fabrairun 2002. Ita kanta kasuwar, wadda aka buɗe a 1985, gini ce da ta isa a yi alfahari da ita, kuma a 2019 aka sa nakiya aka sauke sassanta da suka lalace. Amma ɓarnar da gobarar ta yi ta wuce katangar kasuwa. Dubban 'yan kasuwa sun rasa rumfa a dare ɗaya, suka bazu a titunan da ke kewaye, Ahmadu Bello da Murtala Muhammad da Rwang Pam da lungunan da ke bayansu. Daga ranar, duk gidan da ke da fuska a titi ya zama shago mai jiran a fasa shi. Zaure ya koma shago, ɗakin baƙi ya koma sito. Rikice-rikicen kuma suka tura jama'a suka cunkushe a wasu unguwanni, ɗaki ya yi tsada, fili ya yi tsada. Ɗan kasuwar da ya taya gidanku ƙasar da ke ƙarƙashinsa yake saye. A lissafinsa ginin kuɗin kwashe ɓaraguzai ne kawai. Ban ga laifinsa ba, kasuwa yake yi.

Akwai kuma gado, wanda kai ma ka ambata. Gidan da mutum ɗaya ya gina, bayan zuriya biyu ya zama na mutum 23, wasu a Abuja, wasu a Kaduna, wasu mata a gidajen aurensu. In kwano ya yi yoyo, wa zai biya? Kowa na jiran kowa. Damina uku ta isa ta mayar da ƙaramin yoyo ya zama ruɓaɓɓen katako da jiƙaƙƙiyar katanga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, dillali ma sai gida ya fara nuna gajiya yake samun bakin magana.

Abu na gaba shi ne wanda ya fi ƙona mini rai a matsayina na mai sana'ar, domin da kyakkyawar niyya ake yin sa. Siminti. Mutum ya sami kuɗi, yana so ya kyautata gidan ubansa, sai ya sa a yi wa katangar ƙasa filasta da siminti ciki da waje, a zuba kankare a tsakar gida har jikin bango. Katangar ƙasa tana shan danshi daga ƙasa, tana fitar da shi ta jikinta in iska ta buga. Yaɓen gargajiya, ko na ƙasa da makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko laso, yana kare ta daga ruwan sama amma yana barin danshin ya fita. Siminti yana kulle shi a ciki. Daga waje bango sumul, an sha fenti, a ciki kuwa tubali ya zama taɓo. Wata rana filastar ta ɓalle kamar ɓawon rogo, a ce ai ginin ƙasa ba ya ƙarko. Na ƙwanƙwasa irin wannan bango ba adadi, da jin ƙarar ka san ciki ya rabu da waje. Mafi muni shi ne a ɗora dekin na kankare da sabon bene a kan katangar da aka gina don ta ɗauki kwano da katako. Wannan kam neman rai ne.

Kada kuma wani ya ce maka sabon gini shi ne lafiya, tsoho shi ne haɗari. Makarantar da ta rufta kan ɗalibai a Busa Buji a Yulin 2024, ta kashe fiye da mutum 20, ba tsohon ginin ƙasa ba ce. Lafiyar gini tana ga harsashinsa da kayan da aka sa masa da kulawar da yake samu. Katangar tubali mai kaurin rabin mita tana riƙe ɗumi da daren hunturu, tana riƙe sanyi da rana, abin da bulo mai inci 6 ba zai taɓa yi maka ba.

Batun doka, amsar ba za ta yi maka daɗi ba. Akwai Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa, wadda doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa. Tana da ikon ayyana gini a matsayin abin tarihi na ƙasa, kuma in an ayyana, laifi ne a rushe shi ko a sauya shi ba da izininta ba. Gidan Makama a Kano yana ciki, Gobarau tana ciki, a jihar nan tsofaffin gadojin dutse na wajen Bokkos suna ciki. Amma jerin gajere ne, gidajen unguwa irin naku ba sa cikinsa. Ko shiga jerin ma ba ya hana ƙaddara: a Legas akwai wani tsohon bene da ake kira Ilojo Bar, an ayyana shi tun 1956, aka wayi gari a Satumbar 2016 an baje shi. A Kano an rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, aka sake gina wata a wurin. Dokar tsara birane ta 1992 ta tanadi a yi jerin gine-gine masu tarihi ko ƙira ta musamman, sai dai Kotun Ƙoli ta yanke a 2003 cewa tsara gari hurumin jihohi ne, don haka abin ya rage ga kowace jiha. A nan Jos, hukumar raya birni ta JMDB ce ke ba da izinin gini, kuma mai filaza zai buƙaci izininta kafin ya aza bulo. Dokar filaye ta 1978 kuma, in gwamnati ta karɓi wuri don aikin jama'a, diyyar abin da aka gina take biya, a ma'aunin diyya kuwa ginin ƙasa mai shekara 80 ba ya da nauyi. A taƙaice, in magada sun yarda kuma takardu sun cika, babu dokar da za ta tsaya wa gidanku. Ku ne za ku tsaya masa ko ku sake shi.

Akwai abin da nake so ka je ka gani da idonka. Gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, yana da wani sashe a bayansa na gine-ginen gargajiyar Nijeriya. Wani masanin gini ɗan ƙasar Foland, Zbigniew Dmochowski, ya yi shekaru yana yawo a ƙasar nan da ma'auni da takarda, yana auna masallatai da fadoji da gidajen talakawa. Daga awon nan aka gina kwatankwacin badalar Kano, da fadar Katsina, da masallacin Ilori, da Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. Na Zariya na asali an rufe shi da sabon gini a shekarun 1970, wani sashe ne ya rage a ciki. Wanda ke son ya tsaya ƙarƙashin bakan gizon masallacin, wato lanƙwasassun ginshiƙan ƙasa masu ɗauke da rufinsa, ya ji girman aikin Babban Gwani, Jos yake zuwa. Da ba a auna ba, da ba a sami abin da za a gina ba. Garinmu ya zama ma'ajiyar ginin wasu garuruwa, nasa kuma yana tafiya ba a ko ɗauki tsawonsa da faɗinsa ba. Wannan yana hana ni barci wani lokaci.

Na taɓa shiga wani gida a wajen Dilimi, mai zaure da ɗaurin guga, wato rufin ƙasa mai lanƙwasa daga ciki, rufin kwano a samansa, azarar ciki ko gara ba ta taɓa ba. Tsohon da ke gidan ya ce in dawo bayan sallah in auna a natse. Na dawo bayan mako uku na tarar da fili da tulin ƙasa, 'ya'yan sun sayar, an kai tsohon wajen 'yarsa. Ko hoto ɗaya ban ɗauka ba. Tun daga ranar ba na fita ba da ma'auni a mota ba.

Yanzu ga abin da nake ganin za ka yi. Kada ka shiga taron magada da maganar tarihi a bakinka. A cikin mutum 23 akwai gwauruwa mai marayu, akwai mai bashin asibiti, akwai mai neman kuɗin makaranta. Gado haƙƙinsu ne da Allah ya yanka musu, ba ka da ikon riƙe shi don zuciyarka na son zaure. In kana so su saurare ka, zo musu da lissafi.

Nemo injiniya ko mai zanen gini da ya san ginin ƙasa, ba wanda zai leƙa daga ƙofa ya ce a rushe ba. Ya duba gindin katanga ko danshi ya ci, ya duba tsagar bango, wadda ta tsaya cak da wadda ke ƙara buɗewa, domin ba ɗaya ba ne. Ya soka azara da katakon bene da ƙarfe ya ga ko gara ta cinye ciki, ya hau ya duba kwano da indararo, ya ga inda ruwan tsakar gida ke bi. Sau da yawa gyaran da gida ke buƙata bai wuce sabon kwano, da lambatu mai janye ruwa daga jikin bango, da cire simintin da ke gindin katanga a mayar da yaɓe ba. In kuma ya ce bangon ya karkata ko harsashi ya zauna, ka karɓa. Akwai gidan da ya gama kwanansa, kuma ran mutum ya fi kowane gini.

Sannan a sa ƙwararren mai kimanta kadara ya faɗi kuɗin wurin. Dillali la'adarsa na ga a sayar da wuri, tayin farko kuma da wuya ya zama kuɗin gaskiya a tsakiyar Jos. In kuka san ainihin darajar filin, hanyoyi za su buɗe. Gidajen wancan zamani suna da zurfi. Ana iya barin zaure da benen gaba yadda suke, a yi sabon gini a baya ko a gefe, kuɗin haya ya riƙa shigowa ana rabawa bisa kason kowa, a ware wani abu na gyara kowace shekara kafin a raba. Ana iya ba ɗan kasuwar hayar wani sashe na shekaru masu yawa da sharaɗi a rubuce gaban lauya, filin na nan a hannunku. Zauren kansa yana iya zama shagon littattafai ko ɗinki ko makarantar allo ba tare da an fasa masa bango ba. Gidan da ke kawo kuɗi yana samun mai gyara masa kwano.

In wasu sun dage sai sun karɓi kuɗinsu, ka tambayi malamin da ya san gado game da shuf'a. A fiƙihun Malikiyya, in abokin tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, sauran abokan tarayya suna da haƙƙin karɓar kason a kan kuɗin da aka sayar. Ku uku ko huɗu masu son gidan kuna iya haɗa ƙarfi ku sayi kason masu son fita, ko da kashi-kashi ne in sun amince. Wasu iyalai kuma suna mayar da sashe ɗaya waƙafi da yardar duk masu haƙƙi. Duk wanda za ku bi, a rubuta, a sa shaidu. Gida bai kai a yanke zumunci a kansa ba, kakanku ma ba don haka ya gina shi ba.

Ko ma yaya taron ya ƙare, akwai aikin da ba ya buƙatar izinin kowa, kuma a makon nan za ka fara shi. Ɗauki wayarka ka yi hoton gidan ta kowace fuska, kowane ɗaki, kowace ƙofa da taga, rufin zaure daga ciki, matakala, rijiya, har da layin gaba ɗaya yadda gidan ke zaune a tsakanin maƙwabtansa. Je sashen koyar da zanen gini na Jami'ar Jos, ɗalibai na neman irin wannan gida don aikin awo, za su fitar maka da taswirarsa. Ka kai kwafi gidan tarihi, ka ba kowane reshe na zuriyarku kwafi. In ta kai ga rushewa, ka sa a cikin yarjejeniyar ciniki cewa ƙofofi da tagogi da azara da dutsen harsashi naku ne, a cire su da hannu kafin katafila ta shigo. Azarar giginya mai lafiya tana iya sake ɗaukar wani rufin shekaru masu yawa.

Kafin duk wannan, je wajen wadda ta fi kowa tsufa a gidan, gwaggonka ko matar kakanku in tana raye. Zauna a gabanta ka kunna rikoda. Tambaye ta wa ya yi ginin, daga wane gari maginin ya zo, a wane kududdufi aka ɗebo ƙasa, wa ya yi aikin katako, su waye maƙwabta na dama da na hagu a lokacin da aka kawo ta amarya, wane ɗaki aka haifi mahaifinka. Ka je da goro da haƙuri, kada ka katse ta in ta ɗauko wani labarin daban.